GECEME: HARAJIN GOBE BA KAYAN JINGINA BA NE

Duk manomin ƙasar Arewa ya san abin da ake kira a-ci-ba-daɗi. Damina ta yi tsaka, rumbu ya koma kango, gero bai fid da kai ba, yara suna kuka. Sai maigida ya nufi ƙofar mai hannu da shuni ya karɓi ƴan kuɗi ko tiya kaɗan, a kan idan kaka ta yi zai biya da damman hatsi. Ranar karɓa fuska tana walwala. Ranar biya kuwa, dammunan da ya kamata su shiga rumbu su ne ke hawa amalanke su nufi gidan wani, kuma baɗi bashin ya fi na bana. Wanda ya raɗa wa wannan ciniki suna bai yi ƙarya ba.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, hukumomi ma suna cin a-ci-ba-daɗi, kuma nasu ya fi na manomi muni. Manomi gonarsa ya jinginar, shi da iyalinsa za su ɗanɗana kuɗarsu. Shugaban gari kuwa aljihun jama'a yake jinginarwa, har da na yaran da ba a haifa ba, sa'an nan ya sauka daga kujera tun kafin ranar biya ta zo. A Amurka an yi wa wannan ciniki doka, an ba shi suna, a taƙaice TIF, wato jinginar da ƙarin haraji. Sunan baƙo ne a Nijar, amma ƴan'uwansa sun daɗe da sauka, kuma ƙaramar hukuma irin ta Geceme, mai tarin jama'a da ƙarancin kuɗi, ita ce irin wadda ke saurin miƙa hannu idan an zo mata da wannan haja. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su san kamanninta tun ba ta yi sallama ba.

Yadda dabarar take

Hukumar gari za ta ja layi ta kewaye wata unguwa, ta ce wannan wuri ya lalace, yana bukatar gyara. A ranar da aka ja layin sai a ƙididdige darajar gidaje da filaye da shagunan da ke ciki, a rubuta, a ɗaure lissafin a nan. Harajin wannan tsohuwar daraja zai ci gaba da zuwa inda ya saba zuwa: makarantu, gidajen likita, gyaran hanya, kashe gobara. Amma duk abin da ya ƙaru a kansa daga wannan rana, ko da tamma ɗaya ce, ba zai ƙara shiga babban asusun gari ba. Wani asusu dabam ake buɗe masa, kuma ba a kashe shi sai a cikin wannan layi. A jihar Ilinoyi, inda birnin Shikago yake, wa'adin shekara 23 ne, ana kuma iya tsawaita shi.

Da yake ƙarin bai riga ya zo ba, sai hukuma ta ci bashi a kansa, ko ta yi wa mai gini alkawarin biyansa da shi. Da wannan kuɗi ake shimfiɗa hanya, a ja ruwa, wani lokacin a miƙa wa kamfani tallafi tsabarsa domin ya gina otal ko kantuna.

Masu tallar wannan dabara baki gare su kamar zuma. Suna cewa ba a ɗora wa kowa sabon haraji ba, ba a taɓa kuɗin makaranta ba, aikin da kansa zai haifi kuɗin da za a biya shi. Magana mai daɗin ji, sai dai an gina ta a kan ƙarya biyu. Ta farko: wai duk ƙarin da aka samu aikin ne ya kawo shi, alhali darajar fili tana tashi saboda jama'a na ƙaruwa, kuɗi na faɗuwa, gari na faɗaɗa, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ta biyu: wai ƙarin ba shi da mai shi. Yana da mai shi. Mutanen da suka ƙaru, waɗanda zuwansu ya ɗaga darajar wurin, sun zo da yara masu bukatar aji, da mata masu bukatar ungozoma, da shara mai bukatar kwashewa. Ƙarin harajin shi ne kuɗin hidimarsu. Wanda ya kulle shi a wani asusu ya bar hidimar a wuyan tsohon asusun da aka hana girma.

Gemun da ya riga ya kama wuta

Jihar Kaliforniya ce ta fara wannan tsari a 1952. Da tafiya ta yi nisa, hukumomin gyaran birane kimanin 400 suka cika jihar, suna janye kusan kashi 12 cikin 100 na dukan harajin gidaje da filaye, fiye da dalar Amurka miliyar 5 a kowace shekara. Giɓin da wannan ya bari a makarantu gwamnatin jiha ce ke cike shi daga aljihunta, har ta gaji. A 2011 gwamna Jerry Brown ya sa majalisa ta rusa waɗannan hukumomi, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar, aka rufe su a watan Fabrairun 2012. Da aka dawo da wani ɗan ƙaramin tsari makamancinsa a 2014, sai doka ta hana shi taɓa rabon makarantu. Waɗanda suka ƙirƙiro abin ke nan, bayan shekara 60 suna gwada shi.

A Shikago labarin ya fi ɗaci. A 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, aka rufe makarantun gwamnati kimanin 50 a shekara guda, galibinsu a unguwannin baƙar fata matalauta, da hujjar ƙarancin ɗalibai da giɓin kasafi. A cikin wannan shekara aka ware dalar Amurka miliyan 55 daga asusun jinginar haraji domin aikin otal da zauren wasan ƙwallon kwando. A 2019 majalisar birnin ta amince da alkawarin da zai iya kai dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 300 domin wata sabuwar unguwa mai suna Lincoln Yards, a tsakanin unguwannin da ke cikin mafi tsada a garin. A farkon shekarun 2020, abin da ke shiga waɗannan asusai na gefe a Shikago ya haura dalar Amurka miliyar 1 a shekara.

Su kuma masu biyan haraji fa? A can, hukumar makarantu tana faɗin adadin kuɗin da take bukata, a raba shi a kan darajar dukiyar gari. Idan an cire ƙarin da aka jinginar daga cikin wannan daraja, to kafaɗun da za su ɗauki kayan sun ragu, nauyin da ke kan kowace kafaɗa ya ƙaru. Mai gida a unguwar da ba ta ga ko tubali ɗaya na aikin ba, shi ma harajinsa ya tashi, ba tare da an taɓa faɗa masa dalili ba.

Masana ma sun duba. Richard Dye da David Merriman sun binciki garuruwan kewayen Shikago, suka bayyana a shekara ta 2000 cewa darajar dukiya a garuruwan da suka rungumi tsarin ta fi tafiyar hawainiya a kan ta waɗanda ba su runguma ba. William Lester ya binciki birnin kansa, ya bayyana a 2014 cewa bai ga shaidar tsarin ya ƙara wa unguwannin ayyukan yi ba. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa.

Ina ruwan Geceme?

Mai karatu zai ce: Shikago ina, Geceme ina? Can benaye ne masu taɓa gajimare, nan kuwa gonakin gero ne da fadamar Dallol Mawri. Gaskiya ne. A ƙauyukan gundumar Tibiri harajin gidaje bai taka kara ya karya ba. Amma dabarar ba ta damu da sunan haraji ba. Abin da take bukata shi ne kuɗin shiga mai alamar ƙaruwa, da hukuma mai ƙishirwa, da mai kuɗi mai haƙurin jira. Duka ukun akwai su a Arewa.

Geceme tana cikin ƙananan hukumomi 265 da aka zaɓar wa majalisu a ranar 24 ga Yulin 2004. Tun 2011 tana ƙarƙashin gundumar Tibiri, wadda aka ɓalle daga Dogon Dutsi, tare da Dumega da Kore Mairuwa da Tibirin kanta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 100 a cikinta. Me ke shiga asusun irin wannan hukuma? Lanhon kai da masu gari ke tarawa, wanda aka shekara da shekaru ana biyan dala 140 a kansa, wato sefa 700, tikitin kasuwa, kuɗin kasuwar dabbobi, kuɗin tasha da na mahauta, rabon patanti da na harajin gidaje wanda ma'aikatar haraji ke karɓa ta mayar, kuɗin sayar da filaye, sai tallafin gwamnati da na masu ba da agaji, wanda wani ɓangarensa ke bi ta hukumar ANFICT da aka kafa a 2008.

Me kuma ke wuyanta? A watan Janairun 2016 gwamnati ta fid da dokokin da suka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyi a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa kaya, jakin ɗauka kuwa ramamme ne. Magajin garin da ke da rufin azuzuwa a wuyansa, da famfon da ya mutu, da ɗakin shan magani marar ƙofa, idan wani ya zo ya ce zai gina masa kasuwa ta zamani ba tare da ya fid da ko dala ba, in dai za a bar masa abin da tikiti ya ƙaru da shi na shekara 20, da wuya ya tsaya dogon lissafi.

Kuma ƙasar nan ta san ƴan'uwan wannan ciniki. Bayan gobarar 1982, da aka sake gina babbar kasuwar Yamai aka buɗe ta a 1987, kamfani na musamman, SOCOGEM, aka damƙa wa gudanar da ita da karɓar hayar rumfuna. Tun daga nan aka saba da ganin kasuwa mai asusunta dabam da na gari. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin ma'aikata da filaye, kuma yankan filaye ya zama saniyar tatsar ƙananan hukumomi da yawa: a sayar sau ɗaya, a kashe kuɗin cikin shekara, a bar wa na baya nauyin kai ruwa da hanya da makaranta har abada. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC na ƙasar Sin, a kan za a biya cikin wata 12, da ruwa kashi 7 cikin 100, daga ɗanyen man da ke bin bututun da ya ratsa jahar Doso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa ta lokacin. Abin da ya haɗa su shi ne cin amfanin gobe a yau. Idan babba ya saba da hanya, ƙarami ba ya jin kunyar bin ta.

A zo a yi lissafi

Ɗan kasuwa ba ya gardama da alƙalami, saboda haka ga misali, a ƙaddara shi kawai. A ce wata kasuwa tana kawo wa ƙaramar hukuma mai mutum dubu 100 sefa miliyan 10 a shekara. Rabon kowane mutum sefa 100 ke nan. Aka sa hannu: hukuma za ta ci gaba da karɓar miliyan 10 ɗinta, abin da ya hau kai na mai gini ne har shekara 23.

Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 a shekara. Da wannan gudu, jama'a na ninkawa cikin shekara 18. Cikin shekara 23 kuwa, dubu 100 sun zama kusan dubu 240. Miliyan 10 ɗin nan tana nan yadda take, rabon kowane mutum ya faɗo daga sefa 100 zuwa ƙasa da 42. Ba a ma sa tsadar kaya a lissafin ba. Wanda ya ga watan Janairun 1994, ranar da aka raba darajar sefa biyu cikin dare ɗaya, ya san abin da ke samun kuɗin da aka ɗaure wa ƙafa: buhun siminti ya tashi, kwanon rufi ya tashi, magani ya tashi, miliyan 10 tana zaune.

A ɗaya ɓangaren kuma, masu saye da sayarwa sun ninka, dabbobin da ke shiga kasuwa sun ƙaru, an ƙara kuɗin tikiti saboda tsadar rayuwa. Duk wannan ƙari ne, kuma duk na mai gini ne, ko da rabinsa zai zo ko ba a aza tubali ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wa zai cike giɓin?

Hukumar da aka ɗaure wa babbar hanyar kuɗinta hanya biyu ta rage mata: ta rage hidima, ko ta matsa wa waɗanda ba su cikin layi. Galibi duka biyun take yi.

Matsin a kan ɗan kasuwa yake fara sauka. Mai tebur a ƙananan kasuwannin ƙauye, mai sayar da rake a bakin hanya, mai amalanke, ɗan kabu-kabu, mai tuyar ƙosai: su ne za a ƙara wa tikiti, a ƙirƙiro musu sabon kuɗi mai sabon suna, a aika musu masu karɓa da safe da marece. Wanda ya samu rumfa a sabuwar kasuwa shi ma bai tsira ba, domin mai bin bashi yana son kuɗinsa da riba, kuma a kan hayar rumfa zai fanshe. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya gaji wurinsa tun daga kakansa sai ya tarar rumfar ta fi ƙarfinsa, ya koma bayan katanga yana shimfiɗa a rana, inda kuma za a bi shi da wani tikitin. Ƙasar da ta ga yadda jama'a suka fito a 2005 saboda harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, ta kuma ga zanga-zangar dokar kasafin 2018, bai kamata a koya mata cewa haƙurin mai biyan haraji yana da iyaka ba.

Ragin hidima kuwa a kan ma'aikaci yake bayyana. Malamin makaranta ne zai tsaya a gaban yara fiye da kima cikin ajin zana. Malamin likita ne zai kalli majinyaci ya ce babu. Ma'aikacin magajin gari ne zai ƙirga watannin da ba a biya shi ba, ga shi kuwa kowace ranar kasuwa yana ganin kuɗi na wucewa ta gabansa zuwa asusun da ba shi da iko a kansa. Ajin zana kuma ba maganar wasa ba ne. A watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A watan Nuwamba na wannan shekara wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. Duk tammar da aka kawar daga babban asusu na tsawon shekara 20, daga kuɗin da zai mai da zana ta zama bulo aka ɗebe ta.

Idan ciniki ya karye fa?

Masu alkawarin ƙari ba su cika son wannan tambaya ba. Kasuwannin Arewa da iyakar Nijeriya suke numfashi. Jihar Kabi tana nan dab da su, hatsi da dabbobi da kayan masarufi suna kai da kawowa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan naira ta faɗi warwas. Ga fari, ga ambaliya, ga rashin tsaro da ke iya watsa kasuwa cikin yini guda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da magajin gari ke da iko a kansa.

Idan ƙarin bai zo ba, bashin ba ya gudu. Mai kuɗin da ya san aikinsa ba ya sa hannu sai an rubuta masa cewa hukuma za ta cika abin da ya gaza. Riba tasa, asara ta jama'a. Shikago ta ba da darasi a nan ma, da wani ciniki ɗan'uwan wannan: a 2008, zamanin magajin gari Richard Daley, birnin ya ba wani kamfani kuɗin ajiye motoci a bakin titi na shekara 75, ya karɓi dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 150. Shekara ta zagayo, mai binciken kuɗin birnin ya ce an karyar da hajar da kusan miliyar 1. Kuɗin ajiye mota ya tashi, kuɗin da aka karɓa ya ƙare cikin ƴan shekaru, kuma yarjejeniyar ta tilasta wa birnin biyan kamfanin diyya idan ya rufe titi ya hana shi ciniki. Birnin da ke da rundunar lauyoyi ke nan. Ƙaramar hukumar da sakatare ɗaya ke riƙe da takardunta fa, wa zai karanta mata ƙananan layukan da ke ƙasan yarjejeniya?

Wa ke da ikon sa hannu?

Nan ne maganar ta zama ta siyasa. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar da ta kai ga ba jama'a ikon tafiyar da garuruwansu, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 da 2011 da 2020. Amfanin majalisar gari guda ɗaya ne babba: kowace shekara kansiloli su zauna su auna rijiya da aji da hanya, su zaɓi wanda ya fi gaggawa, jama'a kuma su auna su a akwatin zaɓe. Jinginar ƙarin haraji tana ƙwace wannan iko, domin kuɗin da aka kulle ba ya zuwa gaban majalisa. An riga an yanke hukuncinsa na shekara 20, majalisu huɗu masu zuwa sai kallo.

Idan zaɓaɓɓen magajin gari mai wa'adin shekara 5 ba shi da hurumin ɗaure na bayansa haka, to wanda aka naɗa fa? A ranar 4 ga Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, aka naɗa shugabannin riƙo. A cikinsu akwai masu gaskiya da ƙwazo, ba a musun wannan. Amma riƙo riƙo ne. Wanda aka ba ajiyar garke yana kiwo, yana shayarwa, ba ya sayar da ƴan maruƙan da ke ciki. Duk yarjejeniyar da za ta ɗaure harajin gari fiye da zaman mai sa hannu, a lokacin da babu majalisar da za ta ce a'a, cinikin biri a sama ne, kuma wanda bai halarci cinikin ba shi zai biya.

Bashi ba haramun ba ne, amma da sharaɗi

Wani zai ce: to a zauna da kasuwar zana da taɓo har abada? A'a. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu garin da ya ginu da kuɗin tikiti na yini ɗaya. Manoman Nijar da kansu sun nuna bambanci tsakanin bashi mai kashewa da mai rayawa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyinsu suka koyi ajiye hatsi a sito lokacin kaka, su karɓi rance a kansa, su sayar idan farashi ya tashi. Abin da ke hannu suka jinginar, na ƴan watanni, kowa ya ga buhunan, kowa ya san ranar buɗe ƙofa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kamaci hukuma.

Saboda haka, duk ranar da aka zo wa Geceme ko wata ƙaramar hukuma ta Arewa da tayin gini a kan harajin gobe, ga abin da ya wajaba ƴan kasuwa da ma'aikata su tsaya a kai. A karanta yarjejeniyar a bainar jama'a, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a liƙa ta a ƙofar ma'aikatar magajin gari kafin a sa hannu. A faɗi abin da kasuwar ta kawo cikin shekara 5 da suka wuce, domin a san ƙarin da zai zo da kansa, a cire shi daga rabon mai gini. Rabon hukuma ya riƙa tashi tare da yawan jama'a da tsadar kaya. A keɓe kason makaranta da likita da ruwa, a haramta taɓa shi, kamar yadda Kaliforniya ta koya bayan ta sha wuya. A rubuta adadin bashin da ranar ƙarewarsa, kuma da zarar an biya, tikiti ya koma babban asusu ko da wa'adi bai cika ba. A rubuta iyakar kuɗin haya, a tabbatar wa masu tsofaffin rumfuna wurarensu. Idan ciniki ya karye, asara ta rabu tsakanin mai gini da hukuma. A ƙarshe, kada a sa hannu sai akwai zaɓaɓɓiyar majalisa da ta yi mahawara ta kaɗa ƙuri'a.

Mai gini na gaskiya ba zai gudu saboda waɗannan sharuɗɗa ba. Wanda ya tattara takardunsa da jin an ce a karanta a fili, ya riga ya faɗi abin da ke cikinsu.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, da na malaman makaranta da na likita, da masu gari waɗanda ke shan kunyar bin talakawa gida-gida domin lanhon kai, su ne ke da bakin magana a nan, domin su ne za su rage a gari bayan baƙi sun tafi, an kwashe kujerun biki, an naɗe tutoci. Ranar yanka zare kowa zai yi tafi. Yaron da aka haifa a wannan rana zai kai shekara 23 kafin tikitin kasuwar garinsu ya dawo asusun garinsu, kuma a tsakanin nan ne zai nemi aji, ya nemi allura, ya nemi ruwan sha. Shi ba a tambaye shi ba. Waɗanda ke da baki a yau su yi tambaya a madadinsa, tun alƙalami bai taɓa takarda ba.